Jirgin Yawon Kogin Rayin Daga Rüdesheim Zuwa Koblenz: Inda Kuɗin Tikiti Ke Fita da Inda Ba Ya Fita

Yawancin baƙin da ke sayen tikitin jirgin yawo a kogin Rayin na ƙasar Jamus ido rufe suke saye. Sai su ɗauki tafiya mafi tsawo, a zatonsu ita ce mafi daɗi. Kogin nan, wanda Jamusawa ke rubuta sunansa Rhein, tsawonsa ya kai kilomita kusan 1,230, amma inda ya cancanci mutum ya biya kuɗi ya zauna a jirgi dominsa bai wuce kilomita 65 ba, wato daga Rüdesheim da Bingen ta kudu zuwa Koblenz ta arewa. A cikin 65 ɗin ma, tsokar tana cikin 30 na farko. Wanda ya san yadda kogin ya kwanta a ƙasa zai rage kashe kuɗi, ya kuma ga abin da ya fi na wanda ya wuni a jirgi.

Ruwan yana tasowa ne daga duwatsun Alps na gabashin Suwizalan. Wani ɗan tafki mai suna Toma, wanda ke sama da teku da mita 2,345, shi ake ɗauka mafari. Rassa biyu suna haɗuwa a Reichenau, daga nan ruwan ya miƙe arewa yana raba Suwizalan da Liechtenstein, sannan da Ostiriya, har ya faɗa babban tafkin Bodensee. Idan ya fito daga tafkin sai ya fuskanci yamma, ya zuba daga tudu mai tsayin mita 23 kusa da Schaffhausen, ya karɓi kogin Aare, wanda a mahaɗarsu ya fi shi kansa Rayin ɗin ruwa, sannan ya isa Basel ya yi kwana zuwa arewa. Shekaru da dama littattafai suna rubuta tsawonsa 1,320, sai a 2010 wani malamin jami'ar Kolon ya nuna cewa lambobi biyu ne aka juya. Har yau za a ci karo da tsohuwar lambar a wasu takardun talla.

Daga Basel zuwa Mainz fili ne shimfiɗaɗɗe, kuma kogin da ake gani a can hannun mutum ne ya tsara shi. Injiniya Johann Gottfried Tulla ya fara yanke kwane-kwanensa a 1817, aikin da ya rage tsawonsa da kilomita kusan 80 tsakanin Basel da Worms. Daga baya aka gina madatsu goma masu ƙofofin ɗaga jirgi da sauke shi, daga Kembs zuwa Iffezheim. Jirgi ya shiga akwatin siminti, a rufe ƙofa, a jira ruwa ya sauka, a buɗe, ya wuce. Na farko abin kallo ne, na biyar gajiya ne. Shi ya sa manyan jiragen kwana bakwai masu tafiya daga Basel zuwa Amsterdam sukan ratsa wannan yanki da dare. Can ƙasa kuma, bayan Bonn, garin da masu sauraron sashen Hausa na DW suka saba jin sunansa, ƙasar ta sake kwantawa: Kolon, Düsseldorf, Duisburg mai babbar tashar jiragen kaya, masana'antu da bututun hayaƙi, har Holan, inda kogin ya rabu, reshen Waal ya kwashe kashi biyu cikin uku na ruwan ya nufi Rotterdam.

Abin da ya bambanta tsakiyar shi ne dutse. A Mainz kogin ya ci karo da tuddan Taunus, ya kasa ratsawa, ya juya yamma yana bin gindinsu na tsawon kilomita kusan 30, yana da faɗi har mita 800 a wasu wurare, da tsibirai a tsakiya. A Bingen ne ya samu kafa, ya kutsa tsakanin Taunus ta dama da Hunsrück ta hagu. Ƙasar wurin ta daɗe tana ɗagowa a hankali, ruwan kuma yana ci gaba da yankanta, har ya haƙa kwazazzabo mai zurfi cikin baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle. Ruwan da ya zo a baje sai ya matse, ya ƙara gudu. Wannan kwazazzabo shi hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002, kuma shi ne hajar da kamfanonin jiragen ke sayarwa.

Su wane ne ke jigilar

Mafi girma kuma mafi daɗewa shi ne Köln-Düsseldorfer, wanda kowa ke kira KD. Asalinsa kamfanin jiragen tururi ne da aka kafa a Kolon a 1826. Akwai kuma ƙananan kamfanoni na yankin, irin su Bingen-Rüdesheimer da Loreley-Linie, masu gajerun zirga-zirga. Kowane kamfani da nasa wurin tsayawa mai lamba a bakin gaɓa, da nasa ɗakin sayar da tikiti, kuma tikitin wannan ba ya shiga jirgin wancan. A Rüdesheim wuraren tsayawar a jere suke, don haka a karanta sunan kamfani da lambar da ke kan tikiti tun kafin jirgi ya ƙaraso. Jirgin ba ya daɗewa a tasha. Ya jingina, a jefa igiya, a sauke gadar shiga, mutane su fita su shiga, a janye. A ƙananan garuruwa duk wannan bai wuce minti biyu zuwa uku ba.

Lokacin aikinsu daga wajen Afrilu ne zuwa Oktoba. Da hunturu jadawalin yakan tsaya ko ya koma ɗan kaɗan. Jadawalin kuma yana sauyawa shekara-shekara, har da inda jirgi ke farawa da inda yake juyawa, saboda haka takardar bara ba abin dogaro ba ce. Tikitin kilomita ake biya, a sayi zango ɗaya ko zuwa da dawowa, a shafin kamfanin na intanet ko a bakin ruwa. Tikitin wata-wata na Deutschlandticket, wanda ɗalibai da ma'aikata da yawa ke riƙe da shi, yana aiki a ƙananan jiragen ƙasa na gaɓoɓin biyu, amma ba ya biyan kuɗin jirgin yawo. Keke ma kuɗinsa daban.

Jiragen kansu masu hawa biyu ne ko uku. Ƙasa ɗakin cin abinci ne mai manyan tagogi, sama fili ne mai kujeru, wani ɓangare da rumfa wani babu. Suna da tsabta, banɗakinsu na aiki, kuma ba sa girgiza, don ruwan kogi ba shi da igiya irin ta teku. Mai tsoron jiri ya kwantar da hankalinsa. Wanda ya daɗe yana ɗaukar ido cikinsu shi ne Goethe na KD, wanda aka ƙera a 1913, mai manyan ƙafafun tuƙi guda biyu a gefe suna dukan ruwa. Mai sha'awar tsohon inji ya sani cewa tun wajen 2009 aka cire masa injin tururi aka sa na dizal. Ƙafafun sun ci gaba da juyawa, amma tururin ya tafi.

A gangara, kada a haura

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace amfani. Daga Rüdesheim zuwa Koblenz, ana bin ruwa, tafiyar awa huɗu ce ko kusa da haka. Daga Koblenz zuwa Rüdesheim, ana faɗa da ruwa, awa shida ce. Zangon Rüdesheim zuwa St. Goar bai kai awa biyu ba a gangare, amma a haure yana neman awa uku. Nisa ɗaya, kallo ɗaya, sai dai ƙarin zama. Mai gangarawa kuma arewa yake fuskanta, rana na bayansa, hoto na fita tas. Da safe hasken yana kan gaɓar hagu, inda mafi yawan gidajen sarakuna na farko suke, da yamma ya koma ta dama.

Dawowa kuma a yi ta a jirgin ƙasa. Kowace gaɓa da layin dogonta: RB26 ta hagu tsakanin Mainz da Koblenz, RB10 ta dama daga Frankfurt ta Wiesbaden da Rüdesheim zuwa Koblenz. Abin da jirgin ruwa ya ci awa huɗu a kansa, na ƙasa cikin kusan awa guda ya gama. Tikitin zuwa da dawowa a ruwa, a ganina, asarar yini ne, sai ga dattijon da hawa da sauka ke yi wa wuya.

Hagu da dama a nan ana lissafa su ne idan mutum ya fuskanci inda ruwa ya nufa. A riƙe wannan da kyau, domin daga Wiesbaden har Koblenz, sama da kilomita 80, babu gada ko ɗaya. Tsallakawa sai da jirgin fito, kamar na Bingen da Rüdesheim, na Kaub, na St. Goar da St. Goarshausen, da na Boppard. Waɗannan garuruwa biyu masu suna kusan ɗaya suna rikita baƙi ainun. St. Goar na hagu, St. Goarshausen na dama, kowanne da layin dogonsa. Fiton ba ya kwana yana aiki, wanda ya makara da dare a gaɓar da ba tasa ba zagayen da zai yi mai nisa ne.

Karatun alluna

A bakin gaɓa akwai manyan alluna masu lambobi, kowace kilomita da nata, alamar giciye kuma na nuna rabin kilomita. Ba daga mafarin kogin aka fara ƙirgar ba, daga tsohuwar gadar Konstanz ne a bakin Bodensee, shi ya sa Rotterdam ta faɗo a kan 1,000. Waɗannan alluna sun fi muryar lasifikar jirgi amfani nesa ba kusa ba. Bayanin da ake sakawa naɗaɗɗe ne, gajere, da Jamusanci da Turanci, kuma a saman jirgi iska da ƙarar inji suna cinye rabinsa. Wanda ya rubuta lambobin a takarda ba ya bukatarsa.

Rüdesheim na kan 526. Da an tashi, a dama can sama akwai gunkin Niederwald na 1883, a hagu kogin Nahe na shigowa a Bingen. A 530 ga wata siririyar hasumiya a kan tsibiri, Mäuseturm, da kangon Ehrenfels yana kallonta daga cikin gonakin inabi. Nan ne Binger Loch, inda shingen dutse ya taɓa gitta kogin daga gaɓa zuwa gaɓa. Ƙarni bayan ƙarni ana fasa shi, sai a shekarun 1970 hanyar ta kai faɗin mita 120. A dubi fuskar ruwan a nan: yana murɗawa, yana tafasa kamar tukunya, ga ragowar duwatsun sun leƙo ta gefe.

Daga nan tsofaffin gidajen sarakuna masu ganuwa suke fara jeruwa: Rheinstein, Reichenstein, Sooneck, duk ta hagu. Kusan 40 ne tsakanin Bingen da Koblenz, kuma ba don ado aka gina su ba. Kwazazzabon ya tilasta wa kowane jirgin fatake bi ta ƙofa ɗaya, sai kowane mai iko ya kafa ganuwarsa a kan dutse yana karɓar kuɗin fito, kamar yadda ayarin goro ke biya a mashigin kogi. Mai kallo ya san kuma cewa yawancin abin da yake gani ba ginin asali ba ne. Sojojin Faransa sun rusa da yawa a 1689, sai 'ya'yan gidan sarautar Prussia suka sake gina wasu a ƙarni na 19 yadda ransu ke so, Rheinstein da Stolzenfels na cikinsu.

Bacharach na kan 543, da gidan Stahleck a samanta, wanda yanzu masaukin matasa ne mai sauƙin kuɗi. Idan za a sauka a gari ɗaya kawai don yawo da ƙafa, wannan ne. A 546 kuma ga abin da ya fi komai kyau a tafiyar: Pfalzgrafenstein, farin gini mai siffar jirgi, a dasa a kan dutse tsakiyar ruwa daura da Kaub, hancinsa na fuskantar inda ruwa ke zuwa don ya tsaga ambaliya da ƙanƙara. Sarki Ludwig na Bavaria ya fara gina shi a 1326 domin karɓar haraji, kuma an ci gaba da karɓa har shekarun 1860. A nan ne Janar Blücher na Prussia ya tsallakar da rundunarsa a daren shiga shekarar 1814 yana bin sawun Napoleon. Jirgin yana wucewa dab da ginin, amma cikin minti ɗaya ya bar shi a baya. Wanda ya sauka ƙasa sayen shayi a 544 ya rasa.

Daga Oberwesel a 550 zuwa St. Goar a 556 shi ne wuri mafi wuya ga matuƙa. Kwana a kan kwana, dutse ya tare gani, matuƙi ba ya hango mai zuwa. Don haka aka kafa allunan fitilu a gaɓar hagu, waɗanda ake sarrafawa daga wani ofishi a Oberwesel, suna gaya wa mai haurawa irin jirgin da ke gangarowa da girmansa, don ya san ko zai shiga kwanar ko zai dakata. Mai gangarawa ba ya iya tsayawa yadda yake so, ruwa na tura shi. Za a kuma ga wasu jiragen kaya sun buɗe wani shuɗin allo mai fitila fara a gefen ɗakin matuƙi. Ma'anarsa mai haurawa yana son ya bi cikin kwana inda ruwa ba shi da ƙarfi, don haka za su gitta ta hannun dama maimakon hagu.

A 554 zuwa 555 ne dutsen Loreley, mai tsayin mita 132, inda faɗin kogin bai kai mita 200 ba, zurfinsa kuma ya kai mita 25. Gaskiya ita ce daga cikin jirgi dutsen bai kai sunansa ba. Tsauni ne kamar sauran, da tuta a kansa, jirgin ya saki waƙar tatsuniyar budurwar da ke ruɗar matuƙa, kowa ya ɗaga waya. Abin kallon na ƙasa ne, a ruwan. A Janairun 2011 wani jirgin dakon sinadarin asid mai suna Waldhof ya kife a nan, aka rasa rayuka, hanyar ta toshe makonni, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. Mai son ganin Loreley da gaske ya sauka a St. Goarshausen ya hau kansa, ya leƙo kwanar daga sama ya ga yadda jirgi mai tsawon mita 110 ke karkata gindi kafin ya shige.

A St. Goar akwai kangon Rheinfels, wanda aka fara ginawa a 1245, mafi girma a yankin. A nan ya kamata mafi yawan mutane su sauka. Bayan St. Goar kwarin yana buɗewa, gidajen suna yin nisa da juna, ido kuma ya riga ya ƙoshi. Akwai sauran abubuwa: babbar kwanar Boppard a 570, Marksburg a 580, wanda shi kaɗai ne cikin na kan tudu ba a taɓa rusawa ba, kogin Lahn, sai Koblenz a 592 inda Mosel ke shigowa, kamar yadda Binuwai ke samun Kwara a Lakwaja. Sunan garin ma daga kalmar Latin mai nufin mahaɗa ya samo asali. Amma ƙarin awa biyu ne a kan kujera, kuma duk waɗannan an fi jin daɗinsu daga tudu. Marksburg dai daga garin Braubach ake hawa, a shiga tare da ɗan rakiya.

Ruwa shi ne mai gida

Abin da ya fi ɓata wa mutane shiri ba daga kamfani yake ba. Daga Iffezheim har teku ta reshen Waal babu madatsa, don haka ba mai iya riƙe ruwan ko ƙara shi. Da bazara ƙanƙarar Alps ce ke narkewa tana ciyar da shi, Bodensee na tarewa yana saki a hankali. Da hunturu ruwan sama ne ta kogunan Neckar da Main da Mosel. Tsakanin biyun, daga Agusta zuwa Nuwamba, idan ƙanƙara ta ƙare sama kuma ba ta zubo ba, sai kogin ya janye.

Ma'aunin tsayin ruwa da ke Kaub shi kowa ke kallo, domin yankinsa ne mafi ƙarancin zurfi. Lambar da yake nunawa ba zurfin kogin ba ce, nan mutane ke kuskure. Idan ya nuna santimita 77, hanyar jirgi tana da zurfin mita 1.90, wato a ƙara mita ɗaya da 'yan kai a kan lambar. A Oktoban 2018 ya sauka zuwa 25, a Agustan 2022 zuwa wajen 30. A irin wannan lokaci jirgin kaya mai ɗaukar tan 3,000 sai ya ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka, man fetur ya yi tsada a kudancin Jamus da Suwizalan, masu jirgin kwana bakwai kuma a kwashe su a bas a zagaye da su. Jiragen yini ba su nutse sosai cikin ruwa, sukan daɗe suna aiki, amma matsalarsu bakin gaɓa ce. Hanyar tsakiya na iya ɗaukarsu alhali wurin jinginawa ya zama tsakuwa. Sai a soke tsayawa a wasu garuruwa, ko a gajarta zangon. Gadar shiga ma takan yi tsaye ƙwarai idan ruwa ya sauka, abin lura ga mai keken guragu ko mai ciwon gwiwa.

Cikar ruwa ma tana tsayar da aiki. Idan ma'aunin Kaub ya kai 460 akwai dokar rage gudu da bin tsakiya, idan ya kai 640 an rufe hanyar gaba ɗaya. Wannan ya fi faruwa da hunturu, amma ruwan sama mai yawa a farkon bazara ma yakan kawo shi. Hukumar hanyoyin ruwa ta Jamus tana wallafa lambar kullum. A rubuta Pegel Kaub a intanet kwana biyu kafin tafiya. Idan ta yi ƙasa da 80 ko ta haura 450, a duba sanarwar kamfani kafin a sayi tikiti. Mayu da Yuni su ne suka fi kwanciyar hankali: ruwa isasshe, yini dogo, cunkoso bai kai na Yuli da Agusta ba.

Ci da sha da salla

Abincin cikin jirgi ya fi na gari tsada, kuma ba shi ne dalilin zuwa ba. Ga Musulmi akwai abin lura, don yankin na masu giyar inabi ne, kuma naman alade ya shiga kusan komai. Schwein alade ne, Schinken da Speck ma nasa ne, tsiran da ake kira Bratwurst da soyayyen Schnitzel galibi nasa ne idan ba a rubuta wani nama ba. Ɗan siririn burodin Flammkuchen da yankakken Speck ake yinsa sai an ce a cire. Abin da ya fi yaudarar baƙo shi ne Rüdesheimer Kaffee: sunan kofi ne, amma da barasa ake haɗa shi. Apfelschorle ruwan tuffa ne da soda, babu komai, Apfelwein da Weinschorle kuwa giya ne. Traubensaft ruwan inabi ne zalla, kuma na yankin yana da daɗi. Kifi, dankali, salak da kek mara giya sun isa riƙe ciki na awa biyu. Ruwan kwalba kuma mai gas ake kawowa sai an ce still. Gara a ci a ƙoshi kafin a shiga, a tuna kuma shaguna a rufe suke ranar Lahadi, ban da na manyan tashoshin jirgin ƙasa.

Babu ɗakin salla a jiragen, kuma da yake jirgin na bin kwane-kwane, alƙibla, wadda ke kudu maso gabas, ba ta zama wuri ɗaya. Gajeren zango na safe ya warware wannan, an sauka kafin azahar. Akwai masallatai a Mainz da Koblenz, ƙananan garuruwan tsakiya kuwa kada a sa rai. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, lokaci a yalwace yake.

Kujerun sama ba a kama su da tikiti, wanda ya riga shi ya zauna, kuma a Rüdesheim motocin 'yan yawon buɗe ido kan juye mutane hamsin-hamsin a lokaci guda. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri: minti ashirin kafin lokaci, a tsaya a gaban layi. Gaban jirgi ya fi kallo amma ya fi iska, baya ya fi lumfashi amma akwai warin dizal. A riƙe rigar sanyi ko da rana ta take, don iskar kan ruwa daban ce, a riƙe hula kuma don inuwar ba ta isar kowa. Mai zuwa Bingen ta jirgin ƙasa ya sauka a tashar Bingen Stadt, ta fi babbar tashar kusa da bakin ruwa.

Mai niyyar kwana a kwarin ya tambayi inda tagar ɗakinsa ke kallo. Layukan dogon nan biyu suna cikin manyan hanyoyin kaya tsakanin Rotterdam da Italiya, jiragen kaya na wucewa dare da rana, duwatsun kuma na mayar da ƙarar. Otal mai kallon kogi sau da yawa mai kallon dogo ne. Ɗakin baya ko masauki a kan tudu ya fi barci.

Ga wanda ya sauka Frankfurt yana da yini ɗaya: ya ɗauki RB10 da sassafe, awa ɗaya da 'yan mintuna ya isa Rüdesheim, ya shiga jirgin farko mai gangarawa, ya tsaya a sama daga 526 har 556, ya sauka St. Goar kafin tsakar rana ya hau Rheinfels. Daga can ya shiga RB26 ya koma kudu, minti goma da 'yan kai ya sauka Bacharach ya zaga cikin gari, sannan ya wuce Mainz ya kama jirgin Frankfurt. Idan ma'aunin Kaub ya nuna ruwa ya janye har an soke jirgin, RB26 ɗin dai na bin bakin kogin, ya zauna ta tagar da ke kallon ruwa.